Babu Tebur a Ɗakin Inna

Shekara huɗu Murja ta yi a Birmingham tana karatun girgizar ƙasa, tana kuma koyarwa. Duwatsun Nepal ta san su kamar yunwar cikinta, amma a kwamfuta kawai, don an soke tafiyar da za ta yi can tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Sai ga shi ƙasar da ta motsa ba ta Nepal ba ce. Ta Mpape ce, can Abuja, inda mahaifiyarta ke zaune a gindin dutse.

Tana jiran bas a Bristol Road yayanta Rabe ya kira daga Manchester.

"Murja, seriously, ki yi wa Inna magana. Sau uku ƙasa ta girgiza yau, bangon ɗakinta ya tsage. Ni ina kan shift a wurin aiki, kuma ke ce expert."

Nan take ta kira Inna, ta shiga zuba abin da ta sha koyar da ɗalibai.

"Inna, in girgizar ta dawo ki shige ƙarƙashin tebur, ki riƙe ƙafarsa."

"Wane tebur, 'yar nan? Kin taɓa ganin tebur a ɗakina?"

Kunya ta kama Murja. Duk dokokin da ta haddace, ashe an rubuta su ne don masu cin abinci a kan kujera.

"To ki fita tsakar gida."

"Da wace gwiwar? Kafin in miƙe ai an gama."

"Ki koma wajen Gwaggo a Kano mana, ko na wata ɗaya."

"In bar maƙwabta da jarirai in gudu? Allah ya kiyaye."

Bas ya zo, ya kwashi mutane, ya wuce. Murja ba ta ko ɗaga ƙafa ba.

Can Inna ta sassauta murya, yadda take yi in ba ta so jikoki su ji.

"Ke da kika karanta abin, gaya mini gaskiya. Yaushe zai dawo? In dai na san ranar, sai in kwana a waje."

Murja ta so ta yi mata ƙarya, wallahi ta so. Amma na'urorin masana irinta sai ƙasa ta gama motsi suke ba da labari.

"Ban sani ba, Inna. Babu wanda ya sani."



"To," in ji Inna. "Kada ki gaya wa Rabe na tambaya."