Lasin Ta-Kabo

A Unguwar Tudu, cikin ƙasar Gwarzo, akwai wani tsoho, Malam Hammadu, mai bindigar toka wadda ta girme shi. Wani maƙeri ne a Kabo ya ƙera wa mahaifinsa Jalo ita, shi ya sa ake ce mata Ta-Kabo. Doguwa ce siririya, ƙotarta ta yi baƙi wuluk saboda shafar hannu, kuma idan damina ta gabato sai ta riƙa wani irin wari, wanda Hammadu ya rantse ya fi kukan kwaɗi faɗin gaskiya game da ruwa. Ko ƙadangare bai taɓa kashewa da ita ba. Albarushi da tsumma kawai yake ɗura mata, ya harba sama idan tsuntsaye sun sauka wa dawarsa. Sauran kwanakin shekara tana jingine a kan gadonsa, yana yi mata hira.

A wuyanta akwai wani ƙullin jar fata kamar laya. Ranar da Jalo ya karɓo lasinta, ya ga takarda ce mai hatimin hukuma, ya ji tsoron gara, sai ya kai wa baduku ya ɗinke ta ruf. Ya ɗaura wa bindigar, ya ce wa ɗansa, "Muddin wannan yana jikinta, ba mai taɓa ta." Hammadu ya riƙe maganar shekara hamsin.

Ran nan mai unguwa ya bi gida-gida da sanarwa: duk mai bindiga ya kai ta ofishin 'yan sanda na Gwarzo a duba takardunta, wadda ba ta da takarda a can za ta zauna. Hammadu ko gezau. Ya naɗe Ta-Kabo cikin tabarma, matarsa Furera ta ɗauki mayafi ta bi shi, don yanar ido ta fara rufe masa gani, ko da yake shi cewa yake hazo ne ya yi yawa a duniya.

Suka tarar da wani sufeto mai fara'a, Salisu. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya, sannan Sufeto ya ce, "To Baba, ina lasin?"

"Ga shi nan a wuyanta, ɗana. Ko ruwa bai taɓa taɓa shi ba."

Sufeto ya juya ƙullin, ya sake juyawa. "Baba, sai fa an farke."

"A farke? Wanda ya ɗinka ya rasu!"

"Malam, ka bar yaro ya yi aikinsa," in ji Furera.

Aka sa reza a hankali. Takardar ta fito ja kamar busasshen ganyen taba, ninki-ninki. Sufeto ya buɗe ta da bakin yatsu, ya karanta.

"Baba, wannan sunan Jalo ne. Kuma wa'adinsa ya ƙare tun ba a haife ni ba."

"Jalo ai ubana ne. Gonarsa ni na gada, har buzunsa."

"Ana gadon bindiga, Baba, amma ba a gadon lasin. Mutum ake ba, idan ya rasu ya tafi da abinsa."

Hammadu ya lalubi bindigar ya jawo ta kan cinyarsa. Tunda yake bai taɓa kwana ba ta a ɗaki ba, sai shekarar da ya yi jinya.

Sufeto ya ce kada ya damu, ana iya nema masa sabo, amma akwai sharuɗɗa. Mai nema sai ya kai shekara goma sha bakwai. Hammadu ya ce rawanin da ke kansa ma ya wuce haka. Sai mai cikakken hankali, wanda ba ya shaye-shaye, ba a kuma taɓa ɗaure shi kan tashin hankali ba a 'yan shekarun nan.

"Hankali dai da sauƙi," in ji Furera. "Da bindiga yake hira, amma ba ta taɓa amsa masa ba."

"Sai kuma lafiyar ido," in ji Sufeto. "Likita ne zai rubuto, amma bari mu gwada." Ya koma bakin ƙofa ya ɗaga hannu. "Yatsu nawa?"

Hammadu ya ƙura ido, ba ya ganin komai sai wata inuwa mai hula. Furera ta yi tari sau biyu.

"Biyu!"

Sufeto ya canja. Furera ta yi tari uku.

"Uku!"

Sufeto ya ɗaga hannu biyu, yatsu goma cif. Furera ta kama tari, ta kai na shida sai ya sarƙe ta da gaske, har sai da aka kawo mata ruwa. Sufeto ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Hammadu bai yi ba.

"Shi ke nan za ku riƙe ta?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Doka ce, Baba. Wanda ba ya ganin yatsa, wata rana zai ga mutum ya ɗauka kututture ne."

Furera ta ajiye kofin ruwan, ta gyara mayafi. "Sufeto, a cikin abin da ka lissafa ban ji ka ce sai namiji ba."

Sufeto ya yi tunani. "Wallahi Inna, doka ba ta ce ba."

"To rubuta. Furera Hammadu. Daga nan ina ganin maɓallin rigarka na uku da farin zare aka ɗinka shi."

Hammadu ya buɗe baki. "Ke da kike toshe kunne idan na harba?"

"Sai in toshe da auduga. Ko ka fi so ta tsufa a nan cikin baƙin bindigogi?"

Aka cika takarda, Furera ta dangwala yatsa. Aka ce su kawo hoto da takardar likita da shaidar dagaci, kuma sai Kwamishina ya sa hannu daga Kano. Kafin nan Ta-Kabo za ta zauna a ma'ajiya. Sufeto ya ƙara da cewa idan lasin ya fito, mai suna a jiki kaɗai ke ɗauka, ba aro. Hammadu ya daɗe kafin ya miƙa ta, ya kuma bar wasiyya cewa a riƙa shafa mata man shanu ranar Juma'a, kada a jingina ta da garu mai laima.

Wata biyu ana jira. Hammadu ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sannan saƙo ya zo.

Suka koma Gwarzo. An buga wa Ta-Kabo lamba a jikin ƙarfenta, Hammadu ya bi lambar da yatsa yana cewa an yi mata tsaga da tsufanta. Ya kai hannu zai saɓa ta, Sufeto ya yi gyaran murya. Furera ta naɗe ta cikin tabarma, ta yi gammo, ta aza a ka kamar ɗaurin kara.

"Ba a ka ake ɗaukar ta ba! A kafaɗa, bakinta sama!"

"Malam, mai kaya ita ta san yadda za ta ɗauki kayanta. Kama bakin mayafina, akwai rami a gaba."

Ya kama. Suka nufi tasha, ita gaba shi baya, yana ta faɗa mata awon albarushi, cikin tafin hannu ɗaya ba tozo, tana cewa ta ji.