Sulke a Ƙarƙashin Hijabi

Ƙarfe goma na safe aka fara jin harbi ta wajen Unguwar Shanu, kafin sha ɗaya hayaƙin taya ya turnuƙe Abakpa. Ba wanda ya san abin da ya tayar da rikicin, ba kuma wanda ya tsaya tambaya. Saƙo dai ya zagaya a waya cewa kowa ya hallara a harabar coci, motoci za su kwashe mutane zuwa tsallaken kogi.

Irmiya, mazaunin Abakpa, tsohon mai gadi ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana rakiyar manyan motocin wani kamfani, kuma abin da ya tsira da shi daga aikin bai wuce rigar sulke ɗaya ba, mai farantin ƙarfe gaba da baya. Mutumin nan yana ji da rigar nan kamar ɗan fari. Shi ne ma yake horar da masu tsaron ƙofar cocinsu tun shekarun da ake kai wa wuraren ibada harin bam, kuma kullum darasin ɗaya ne: in mutum ya nufo ƙofa da tulin abu a ƙirji, hannu a ɓoye, ku tsayar da shi tun daga nesa. In ya ƙi tsayawa, kada ku harbi ƙirjin, abin zai tashi da ku. Kansa za ku nufa.

Da ya jawo rigar daga ƙarƙashin gado, matarsa Kande ta ce atafau ba za a tafi da ita ba. Nauyinta ya kai na jarkar ruwa, maɗaurin gefe ɗaya ya tsinke tun bara, kuma wai mai gudun ceton rai me ya haɗa shi da dakon ƙarfe? Irmiya ya ce ai ba shi zai sa ba, ita za ta sa. Nan fa ta yi tsalle ta dire, ta tuna masa da asmarta, ta ce numfashinta ma da ƙyar take jansa ba kaya.

"Maman Grace, ki yi mini wannan ɗaya," ya ce. "In wani abu ya same ki, ni ban san ta inda zan fara ba."

Tsoro ne ya cika shi, kuma ta gani. Ta yi tsaki, ta miƙa hannuwa, ya zura mata.

Ana haka maƙwabcinsu Malam Sharhabil, mai makarantar allo, ya faɗo gidan ko sallama babu, riƙe da jallabiya da hula da hijabin matarsa Delu. Ya ce an tare babban titi, sai dai a bi ta lungu, lungun kuwa cike yake da matasa masu adduna. Su sa waɗannan, shi zai raka su. Kande ta yafa hijabin a kan sulken, ta cusa hannun dama ciki ta riƙe tsinkakken maɗaurin don kada rigar ta zame.

A bakin lungun wani shagon ɗinki yana ci da wuta, mai shagon na kwance a kwata, an sare masa wuya. Matasan suka tare su. Malam ya ce iyalinsa ne, a ba su hanya, har an fara darewa, sai wani mai jan ido ya ƙura wa Irmiya ido ya ce wannan ai mai gadin nan ne. Kafin a ankara ya kai wa Kande sara a gadon baya. Addar ta yi ƙara ƙwal a kan ƙarfen ta dawo. Sara na biyu ya samu Irmiya a cinya, ya tsarge naman har jini ya yi tsartuwa a bango. Malam ya rungume mai addar suka zube tare, yana yi musu tsawa su gudu.

Suka gudu. Kuma don taurin kai irin na Irmiya, yana ɗingishi, jini na cika masa takalmi, sai da ya samu bakin ce mata to ta gani? Wa ya yi gaskiya?

Suna hango hasumiyar coci ƙafar ta ƙi. Ya faɗi a gefen titi, ya ji ihu na matsowa ta baya. Kande ta sunkuya za ta ɗaga shi, ya ture ta.

"Wuce! Kada ki tsaya, ko wa ya kira ki."

Shekara talatin da aure, matar nan ba ta taɓa bin maganarsa ba gardama ba sai ranar.

Daga inda yake kwance yana ganin ƙofar cocin sarai. Elisha ne a tsaye da bindigar farauta, mutum mai natsuwa, wanda ya fi kowa ɗaukar darasi cikin masu tsaron da ya horar. Irmiya ya dubi bayan matarsa, sai ya ga abin da Elisha yake gani: mace cikin dogon hijabi ta nufo coci a guje, ƙirjinta a kumbure, hannu ɗaya a ɓoye. Elisha ya yi ihun ta tsaya, sau ɗaya, sau biyu. Ba ta tsaya ba, asmar ma ta shaƙe ta, ba ta da numfashin faɗin sunanta. Irmiya ya tashi a gwiwa yana ɗaga hannu, yana kiran Elisha, yana cewa Kande ce, amma ihun jama'a ya danne muryarsa, kuma wa zai saurari mai jallabiya da hula a ƙofar coci a irin wannan rana?

Ya ga bakin bindigar ya sauka daidai ƙirjinta, ya ɗan tsaya, sannan ya ɗaga sama kaɗan.

Da jan ciki ya ƙarasa inda ta faɗi. Mutane sun watse suna jiran abu ya fashe, ba abin da ya fashe. Hular ta faɗi a hanya, don haka Elisha ya gane shi tun kafin ya iso, ya saki bindigar, ya durƙusa.

"Baba, yadda ka ce na yi."

Irmiya bai dube shi ba. Ya yaye hijabin ya rufe mata abin da ya rage na fuskarta. Gaban sulken nan lafiya lau yake, ko ƙwarzane babu, kuma har yanzu hannunta na damƙe da maɗaurin. Ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya kwance ɗaya gefen, ya janye ƙarfen daga ƙirjinta, don tun a gida ta gaya masa ya yi mata nauyi.