Kwamin Fintan

A Kilbrack kowa ya san ruwan kwamin da maƙeri ke tsoma ƙarfe mai zafi a ciki maganin ƙuraje ne, amma sai an sato shi, maƙerin bai gani ba. In an roƙa, ya zama ruwa kawai.

Fintan Mulqueen ya shekara ashirin yana ƙira, ba a taɓa satar masa ko cokali ɗaya ba. Ɗan baffansa Malachy kuwa, da ke ƙetaren gada, shi ma maƙeri, wanda takalmin dokin da ya ƙera ko wata biyu ba ya yi, kullum sai ya ƙara ruwa a kwaminsa.

"An sake ƙarar mini da shi, ɗan'uwa," in ji Malachy a ƙofar coci, yana washe baki. "Kai naka fa, har kwaɗi sun haihu a ciki?"

Abin nan yana cin Fintan ƙwarai. Kishi ne tsagwaronsa, shi ma ya sani. Ya jawo kwamin bakin hanya, ya zana layi da alli daidai kan ruwan. Yana dukan ƙarfe, ido ɗaya na can. Ko dankalinsa na rana a gefen kwamin yake ci. Mata su zo wucewa da kwalba a ƙarƙashin mayafi, su gaishe shi, su miƙe gada.

Da ƙuraje suka feso wa 'yarsa Úna a hannu, har daɗi ya ji, Allah ya yafe masa. Ko ba kowa, ai matarsa Nuala za ta sata. Kwana tara yana duba layin alli, ruwa bai motsa ba. Ran na goma yarinya ta miƙo masa shayi, ya ga hannu sumul.

Ya sami Nuala tana kwaɓa burodi.

"Ruwan wa?"

"Na Malachy."

"Da mijinki maƙeri? Malachy ɗin da ko ƙusa bai iya miƙarwa ba?"

Ta karkaɗe garin hannunta.

"Sau huɗu ina zuwa da kwalba, Fintan, sau huɗu kana kafe ni da ido. Shi yana hango mace sai ya juya baya, wai awartaki ya ɓace masa. Ba wanda ya raina ruwanka a garin nan. Shekara ashirin muna jira ka juya."