Dafaffiyar Alkama a Bene na Tara

Gidajen abinci huɗu ne a cikin jirgin ruwan, kuma duk wanda ya kama ɗakin alfarma a bene na tara ba sai ya wahalar da ƙafarsa ya sauko ba. Waya kawai zai ɗaga ya zaɓi wanda ransa ke so. Radojka ce ke turo keken abincin, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera cokula, ta tsaya tana zubawa kala bayan kala. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ta ga tsirfar masu kuɗi har ta ƙoshi.

Amma Baba Milorad da matarsa Inna Leposava ba su da tsirfa. 'Yan garinsu ne, mutanen Kotor, 'ya'yansu suka haɗa musu tafiyar don sun cika shekara hamsin da aure. Tsohuwar kunyar a yi mata hidima take ji. Kullum sai ta ja hannun Radojka ta ce, "Zauna mana 'yar nan, ƙafafunki ba na ƙarfe ba ne." Radojka ta ƙaunace ta ƙwarai.

Tun jiya da safe ba ta sake sa ta a ido ba. Baba Milorad ke buɗe ƙofa kaɗan, ya karɓi keken da kansa, ya ce matar tana hutawa. Abincin mutum biyu yake sa a kawo kamar kullum, farantan kuma su dawo tas. Sai dai cokali da wuƙar mutum na biyu suna dawowa a naɗe cikin tsummansu, ko maiƙo babu. Ya nemi ƙarin tawul shida. Ya nemi ƙanƙara bokiti uku. Ya nemi kyandir, ta ce masa an hana kunna wuta a ɗaki, ya rufe ƙofa.

Yau jirgin na tsaye a tsibirin Korfu, zai tashi ƙarfe shida na yamma, gobe da safe ya wayi gari a Kotor. Wajen ƙarfe biyar ta shiga kicin ɗin gidan abincin Italiya ta tarar da Gaetano, babban kuku, yana ta bambami.

"Zo nan Radojka, zo ki ga tsohonki! Ina da kifin da aka kamo yau, ina da naman maraƙi, mutumin nan ya aiko wai in dafa masa alkama. Alkama! Tsurarta, da zuma da sukari. Kaza ce shi?"

"Alkama ya ce?"

"Tun tsakar rana take kan wuta. Ɗauki ki kai masa, ki ce Gaetano na gaishe shi, in yana son dusa ma akwai."

Masu wanke-wanke suka kwashe da dariya. Ita kuwa gabanta ne ya faɗi. Gaetano ba zai sani ba, ba ɗan can ba ne. A garinsu ana dafa alkama da zuma ranar bikin waliyyin da kowane gida ke girmamawa, ana kuma dafa ta in an yi rashi. Ta so ta yaudari kanta da na farkon, amma Inna Leposava da bakinta ta gaya mata nasu bikin sai tsakiyar hunturu.

Ta tura keken zuwa bene na tara. Dogon barandan shiru, kusan kowa ya sauka gari yawo. Tun kafin ta ƙwanƙwasa ta ji sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana taɓa mata idon sawu. Tsoro ya kama ta sosai, har ta yi tunanin ajiye keken ta juya.

Baba Milorad ya buɗe kaɗan. Ya sa baƙar kwat, ya yi aski.

"Kawo, 'yata. Na gode."

"Baba, yau kam ni zan shimfiɗa tebur."

"Tana barci."

"Ba zan tashe ta ba." Ta sa ƙafa ta tokare ƙofar, abin da ba ta taɓa yi wa baƙo ba. "Baba, ni ma na binne uwata. Na san abin da ke cikin kwanon nan."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya matsa gefe.

An ƙure na'urar sanyaya ɗaki. Kowane madubi an lulluɓe shi da tawul, kamar yadda ake yi a garinsu in an yi rashi. Inna Leposava na kwance a kan gado cikin shuɗiyar rigar da ta sa ranar liyafar kyaftin ɗin jirgi, an taje mata gashi, hannayenta a haɗe bisa ƙirji. Bokitan ƙanƙara na jere a gefenta. Radojka ta yi alamar gicciye, hawaye suka zubo mata.

"Jiya da asuba," in ji shi. "Cikin barci. Ko tari ba ta yi ba."

"Allah ya jiƙanta. Baba, dole in kira likita. Doka ce."

"Na sani." Ya duba agogonsa. "In kin kira yanzu, a nan za su sauke ta. Ƙasar mutane, ba na jin yarensu. Su kai ta asibiti su yanka, su rufe ta a akwatin ƙarfe, in yi makonni ina bin ofis-ofis. Matar da ba ta taɓa kwana a wajen garinmu ba sai a wannan tafiya. Ni na matsa mata ta zo, 'yata. Ni na ce ta zo ta ga duniya."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Minti hamsin ya rage su kwance igiyar jirgi. In mun tashi, babu wata tasha sai gida."

Radojka ta san yadda abin zai kasance. Akwai na'urar ɗaukar hoto a barandan, ta ga lokacin da ta shigo. Za a tambaye ta me ta zauna yi kusan awa guda a ɗaki da gawa, ba ta da amsar da za ta gamsar da kowa. Ta ga an sallami mutane a kan abin da bai kai rabin wannan ba, a miƙa musu jakarsu a tasha ta gaba. Wayar na nan a kan tebur, taku biyu tsakaninsu.

Ta buɗe keken, ta fitar da farin ƙyallen ta shimfiɗa. Ta ajiye kwanon alkamar a tsakiya, ta ɗauke murfin. Ya ɗebo cokali ɗaya ya miƙa mata, ta karɓa ta ci, shi ma ya ci. Suka zauna. Ƙanƙara na narkewa a bokiti tana ɗan ƙara. Sau biyu ƙaramar wayar aikin da ke ƙugunta ta yi kuka, Gaetano ne ke nemanta, ba ta amsa ba.

Shida saura minti biyar wani ya tsaya a bakin ƙofa. Suka ji motsin takalminsa, suka ɗauke numfashi. Can ya wuce.

Shida ta yi, ta gota da minti huɗu, jirgi bai motsa ba. Tsohon ya sake duba agogonsa. Sai ƙahon jirgin ya yi kuka mai tsawo, ƙasan ɗakin ya ɗauki karkarwa, gidajen Korfu suka fara ja da baya ta taga.

Radojka ta miƙe ta ɗauki wayar ta kira likita. Da likitan ya tambaye ta yaushe ta gani, ta gaya masa gaskiya, biyar da minti goma. Ya ce kada ta motsa daga inda take, yana zuwa tare da shugaban tsaro.

Baba Milorad bai ma ji su ba. Ya ja kujera kusa da gado, ya gyara wa matarsa wuyan riga.

"Mun taso, Lepa," ya ce. "Gida za mu."