Fitilar Akwatin Kifin Baffa

Malam Nata'ala na unguwar Limawa yana da wani abu a falonsa da duk Dutse ba mai irinsa: akwatin gilas cike da ruwa, yashi a ƙasa, ciyawa kore shar tana rausaya, ƙananan kifaye suna shige da fice a tsakaninta. Tun yana aiki a sashen kifi na ma'aikatar gona ya haɗa shi, kafin ma a ƙirƙiro jihar. Da matarsa ta rasu, ya kuma yi ritaya, sai akwatin nan ya zama abokin hirarsa. Ciyawar ma ba saye ya yi ba, da hannunsa ya tsinko ta a fadamar garinsu, ya yi ta lallaɓa ta shekara da shekaru har ta yarda ta zauna a gilas.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a Allah ya kira shi Makka. Yana da 'ya'ya maza a Kano da Kafin Hausa, amma bai aika wa ko ɗaya ba. Mijin 'yarsa Mu'minatu ya kira, wato Muntaka, akawu a sakatariya, ya ce shi zai bar wa amanar akwatin.

To, a nan aka yi ɓarnar, tun ba a taɓa komai ba. Muntaka ɗan makiyaya ne, a gidansu ba a ɗaga ido a gaban suruki, balle a tsare shi da tambaya. Ya tsuguna can bakin ƙofa, kai a ƙasa. Tsoho yana ta bayani yana nunawa da yatsa: ga doguwar fitilar da ke kan murfi, ga irin haskenta, ga lokacin kunnawa da na kashewa, ga ɗan injin da ke hura iska, ga abin da za a saya in wani abu ya lalace. Shi kuwa gogan naka ba abin da yake gani sai saƙar tabarma.

"Ka dai gane ko?" in ji Malam.

"Na gane, Baffa."

Ya gane me! Wallahi ko rabin maganar bai kama ba, kunnuwansa sai zuuu suke yi don kunya da jin daɗin an zaɓe shi.

Kwanakin farko lafiya lau. Ya tashi daga ofis ya biya Limawa, ya barbaɗa wa kifi abinci, ya rufe gida. Sai ran nan ya iske fitilar ta yi baƙi a gefe, ta mutu murus.

Ya nufi kasuwa wurin masu kayan wuta. Mai shago ya baje masa kaya: ga doguwa mai farin haske irin wadda ta mutu, ga ƙananan ƙwayaye, ga kuma wani ƙaton ƙwai mai jan haske irin wanda masu tsire ke ratayawa a kan tukuba. Muntaka ya tsaya yana lissafi irin na wanda ya tashi a ruga. Ciyawa me take so? Rana. Ya taɓa doguwar nan tana kunne, ya ji ta sanyi ƙalau, ya taɓe baki. Ya kai hannu kusa da ƙaton ƙwan, ya ji zafi rau. Yauwa, ga rana! Har cewa ya yi a ransa, Baffa tsufa ne ya sa shi tsumulmular haske, bari ya dawo ya ga yadda ake kiwon ciyawa.

Ya rataya ƙwan daf da ruwa, ya bar shi kunne ba dare ba rana. Injin iskar nan kuma da ke gurnani, ya ga kamar yana damun kifi, ya zare shi daga soket.

Ba a jima ba ruwa ya yi ɗumi, gansakuka ta lulluɓe gilas, ganyen ciyawa ya soma yin rawaya yana narkewa. Hankalinsa ya tashi. Mu'minatu ta ce, "Ka mayar da irin fitilar da ka tarar mana. Baffa bai faɗa maka ba?"

"Ya faɗa," in ji shi, ya kawar da kai.

Maimakon haka sai ya sake komawa ga abin da ya sani. A gona, in shuka ta yi rawaya, taki take nema. Kai jama'a! Mutumin nan ya je ya samo busasshen kashin shanu, ya murtsuke ɗan kaɗan, ya barbaɗa a ruwan surukinsa da bisimilla.

Washegari tun daga zaure wari ya tare shi. Kifayen duk sun juya ciki sama. Ciyawar da tsoho ya yi shekaru yana reno ta zama kamar dafaffiyar rama. Muntaka ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe kai, ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige.

"Ka faɗa masa gaskiya in ya dawo," Mu'minatu ta ce da ya koma gida. "Baffa ba mai faɗa ba ne."

"Da wane bakin? In ce masa me, Mu'mina? Ya tsallake 'ya'yan cikinsa ya ba ni, ni kuma na zuba masa kashin shanu?"

Sai ya hau mota zuwa Kano. Ya yi yawo har ƙafa ta kumbura kafin ya samo kifaye masu kama da na da. Ciyawa mai rai kam babu, sai ta roba, kore shar har ta fi ta gaske. Ya saya, ya haɗa da doguwar fitilar da ya raina. Ya dawo ya wanke gilas tas, ya zuba sabon yashi, ya kafa robar, ya mayar da injin iska. Daga nesa, wallahi, sai ka rantse ba a taɓa shi ba.

Ranar da alhazai suka sauka gida ya cika maƙil, ana ta shan zamzam ana rabon dabino. Muntaka ya raɓe a bakin ƙofa, zufa ta jiƙa masa riga. Alhaji Nata'ala ya gama gaisawa da jama'a, ya tashi a hankali ya nufi akwatin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya naɗe hannun jallabiyarsa, ya tsoma hannu, ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa.

Muntaka jira yake a kira sunansa, a tambaye shi, ko a zage shi ma ya huta.

Ina! Shi ma Alhaji ai suruki ne, kunyar da ta ɗaure Muntaka ita ta ɗaure shi. Ya goge hannu a jikin riga, ya juyo ga jama'a ya ce, "Ku taya ni gode wa yaron nan, ya sha wahala." Aka yi ta sa wa Muntaka albarka, yana amsawa da amin. Tsarabar da ta fi kowacce kyau, darduma mai laushi, shi aka miƙa wa. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ɗora masa garwashi.

Bayan kwana biyu ya dawo daga ofis ya tarar da akwatin a tsakar gidansa, an tsiyaye ruwan, an wanke shi, an ɗaure fitilar da injin a gefe da igiya. Mu'minatu na tsaye kusa da shi, idonta ya yi ja.

"Baffa ya aiko da shi a kurar 'yan dako," ta ce. "Kifayen ya ba maƙwabta. Ya ce in faɗa maka ka riƙe, shi ya tsufa da wannan aikin."

"Ba abin da ya ƙara cewa?"

"Babu. Na je ɗazu. Na same shi a kujerarsa, yana kallon bangon, inda akwatin yake a da."