Randar Inna Hasiya

Ranar Laraba aka tsayar mota za ta zo, don haka tun hantsin Talata Atika ta shiga madafi da buhuna uku da kwalayen da ta roƙo wurin mai shago. Shekararta tara tana girki a ɗakin nan, a gidan iyayen mijinta Mode da ke Bodinga. Bayan rasuwar surukarta, Inna Hasiya, magada suka sayar da gidan ga wani mai albasa da ke son ya rushe shi ya gina wurin ajiya. Mode kuwa ya sami shagon ɗinki a Shagari, da gida mai ɗaki biyu a bayan kasuwa.

Yayar Mode, Tani, ta zo daga Horo Birni inda take aure don ta taya ta haɗa kaya. Mace ce da ta haura hamsin, marar yawan magana, mai saurin hannu. Kafin azahar sun jera kwanukan samira ɗaya cikin ɗaya, sun cusa tsumma a tsakani, sun ɗaure ƙorai da faya-fayi a tsohon zane. Tukwanen ƙarfe suka goge musu baƙi da toka. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa Atika ta ƙulle kowanne a ledarsa, ta zuba cikin bokiti mai murfi saboda ɓeraye. A saman bango suka ci karo da abubuwan da ba wanda ya tuna da su: maburgi mai karyayyen haƙori, ƙullin kanwa da ya zama dutse, da wata 'yar wuƙa da aka yi shekara biyu ana nema.

Abin da ya rage sai randa. Babba ce, baƙa, rabinta a binne a kusurwar ɗakin. Tun da Atika ta zo gidan ba ta taɓa ganinta babu ruwa ba. Inna Hasiya tana da ƙa'ida a kanta: ba a barin ruwan ya sauka ƙasa da rabi, kuma moɗar shan ba a ɗora ta kan murfi, sai a kan wani ɗan dutse da ke ƙasa. Atika ta ɗauka saboda bayan tsohuwar da ya ranƙwafa ne, kuma ko bayan rasuwarta hannunta ya ci gaba da ajiye moɗar a nan. Sau da yawa takan tashi daga barcin rana ta tarar da moɗar a jiƙe, sai ta ce wa kanta ai iska ba ta shiga ɗakin, shi ya sa ba ta bushewa.

"Yaya, wagga sai mun kwashe ruwan kahin a iya ɗaga ta," in ji Atika.

Tani ta tsaya da tsintsiya a hannu. "A bar ta sai gobe."

"Gobe mai mota ba shi jiranmu."

Suka kwashe ruwan a bokitai, suka tone ƙasar gefe da tsohuwar fartanya, suka rungumi randar su biyu suka girgiza har ta saki. A cikin ramin, ƙasar a jiƙe take, tana ƙamshin damina. A tsakiyarsa akwai wani gwangwani da tsatsa ta cinye murfinsa. Atika ta buɗe. Takalmin roba ne na yarinya, ja, ƙafa ɗaya, bai kai tsawon tafin hannunta ba.

Tani ta zauna a ƙasa, ba tabarma ba komai.

"Na Fiddausi na," ta ce. "Ƙanwata. Ita ka bi mini, kahin a haihi Mode."

"Wadda ta rasu tana ƙarama?"

"Haka anka gaya muku. Ba wanda yag ga gawarta."

Ta ba da labarin tana kallon ramin. Tana da shekara tara, Fiddausi shida, Inna ta aike su kai wa Baba fura a gona. A hanya Tani ta ga ƙawayenta suna kaɗar magarya, ta aje ƙwaryar ta shiga cikinsu. Fiddausi ta yi ta jan zanenta tana cewa ƙishirwa take ji. Tani ta ce ba a taɓa furar Baba, in ba ta iya haƙuri ta koma gida ta sha, ga gari can ana hango shi. Yarinyar ta juya ta tafi. Kwana huɗu mazan unguwa suna nema, har rijiyoyi an shiga. Takalmin nan kaɗai aka tsinta a bakin hanya.

"Ni nic ce ta koma ta sha ruwa," in ji Tani. "Shi ya sa Inna ba ta yarda randa ta bushe. Sau uku Baba ya so a tashi daga gidan ga, ta ce in ɗiyarta ta dawo wa za ta iske?"

Atika ta mayar da takalmin cikin gwangwanin ta miƙa mata, Tani ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Washegari mota ta zo da sassafe. Mode da direban suka loda gado da keken ɗinki, suka ɗora randar a kan tsohuwar katifa suka ɗaure ta da igiya. Atika ta share madafin tas, daga kusurwa zuwa bakin ƙofa, tana ja da baya yadda Inna ta koya mata, har ƙasar ta yi layi-layi na tsintsiya. Ta ja ƙyauren ta fita sallama da maƙwabta.

Rana ta take, har an tayar da mota, sai ta tuna muciyarta da ke soke a rufin madafi. Ta ce a jira ta, ta koma da gudu ta tura ƙyauren.

A kan sharar da ta yi akwai sawu. Ƙanana ne. Sun zagaye ramin randar, zagaye a kan zagaye, har sun taka juna, sannan suka nufi ɗan dutsen da ake aje moɗa suka tsaya. Ƙafar dama tana da zanen gindin takalmi. Ta hagu yatsu biyar ne a fili. Atika ta duba bakin ƙofa, inda dole mai shiga ya taka. Layin tsintsiyarta yana nan, ba abin da ya taɓa shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta fita da baya tana karanta duk abin da ya zo mata, ta je ta kama hannun Tani a bakin mota ta jawo ta ciki.

Tani ta daɗe a tsaye a ƙofar. Daga nan ta durƙusa ta ɗora tafinta kusa da sawun hagu, ba ta taɓa shi ba. Da ta miƙe, sai ta wuce kai tsaye gidan Kulu, maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su, Atika tana biye da ita.

"Kulu, in wani ya zo cigiyarmu, ki ce mun koma Shagari. Bayan kasuwa, gida mai koren ƙyaure."

"Wa za shi zo, Tani? Ai kowa ya sani."

"Ke dai ki hwaɗi hakanan. Ko wa na."

A mota Mode ya tambaya ina muciyar. Atika ta ce za ta sayi wata.

Sabon madafin na siminti ne, ba inda za a binne randa, sai aka jingine ta da bulo biyu. Tani ta cika ta da hannunta tun kafin a shigar da gado. Ta ce za ta kwana biyu ta taya su jera kaya.

Ranar Asabar da la'asar wayar Atika ta yi ƙara. Kulu ce. Bayan gaisuwa ta ce an zo cigiyarsu.

"Wa?"

"Ban gan ta ba. Ina tuƙin tuwo nij ji sallama daga zaure. Na amsa, na ce a shigo, ba a shigo ba. Niy yi kwatancen da anka bar mini daga inda nike. Da na sauke tukunya na leƙa, ba kowa, har bakin titi na duba."

"Babba ce ko yarinya?"

"Wallahi Atika, shi na ka damuna. Na kasa rabewa."

Tani tana zaune kusa tana tsince shinkafa, kuma wayar tana da ƙara. Ta aje faifan.

"Tambaye ta mi tac ce."

Atika ta tambaya.

"Ba ta tambayi Inna ba," in ji Kulu. "Cewa ta yi, ina Yaya Tani tat tahi?"

A yammacin nan Atika ta gaya wa Mode komai, daga gwangwanin har sawun. Ya saurara bai katse ta ba. Ya ce mutane da yawa sun san Tani a Bodinga, kowa zai iya cigiyarta, amma da zai sha ruwa sai ya ɗauki buta ya tafi famfon waje. Ranar Juma'a ya kira malamai uku suka sauke Alƙur'ani a tsakar gidan, aka yi sadakar waina.

Ba abin da ya faru a sabon gidan. Atika ta daina shiga madafi ita kaɗai tsakanin azahar da la'asar, ta mayar da girkin ranarta tsakar gida ko da zafi.

Tani ba ta koma Horo Birni ba. Sau biyu babban ɗanta Husaini yana zuwa da babur ya ɗauke ta, tana cewa sai wani mako. A zuwa na uku ya kawo mata akwatin tufafinta da maganin hawan jininta. Kullum in ta idar da sallar azahar takan yafa mayafi ta tafi inda motocin Bodinga ke sauke fasinja, ta zauna tana duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya. Da farko direbobi suna tambayarta ko saƙo take jira. Yanzu sun daina, mai sayar da rake ma ya ware mata gefen bencinsa inda inuwa take.