Ƙyallaye Arba'in

"Ku ɗauki katan ɗin lemonku ku ba ni wuri," in ji Nas, ta sa ƙafa ta turo shi har ya daki takalmin Ciyaman.

Mu shida ne a barandar asibitin, kowa sanye da jar rigar ƙungiyarmu ta masu gudun safe, kamar waɗanda suka zo ɗaukar hoto. Dabarar Ciyaman ce, shugaban ƙungiyar, wai don iyali su ga muna tare da su. Nas kuwa, 'yar maƙwabcina Mai Rediyo guda ɗaya tilo, ta tare ƙofar ɗakin da aka kwantar da ubanta. Kwana biyu ke nan da aka tsinto shi a bayan dutse da karyayyen ƙugu, bayan ya yi awa bakwai kwance a rana.

"Haba 'yata, ƙaddara ce," in ji Ciyaman, da muryar nan tasa mai laushi da yake lallashin iyayen yara a makarantarsa.

"Ni ba 'yarka ba ce. Tambaya ɗaya nake yi tun jiya. Ku goma sha tara kuka hau dutsen nan, sha takwas kuka sauko kuka shige motocinku. Wa ke baya ranar?"

Kowa ya nemi abin kallo a ƙasa. Ni na zaɓi wani tsagin siminti kusa da ƙafata. Ni ne a baya ranar, kuma duk mutum biyar ɗin da ke tsaye tare da ni sun sani.

Ga yadda muke yi. Duk Asabar da sassafe muna gudun kilomita goma sha takwas a duwatsun bayan gari, inda babu kwalta, sai hanyar ƙafa mai yawan rassa. Na gaba yana tafe da jaka mai jajayen ƙyallaye arba'in, duk inda hanya ta rabu ya ɗaura ɗaya a reshen bishiya. Na baya kuwa ba ya wuce kowa, ko da mutum rarrafe yake yi, kuma shi ke kwance ƙyallayen yana tarawa a tasa jakar. In suka sauko arba'in cif, to babu sauran ɗan Adam a kan dutse, sai a watse. Ba ma kiran suna, ba ma ƙirga kawuna. Mai Rediyo ne ya fito da tsarin nan shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin su uku ne kacal, kuma yana tinƙaho da shi kamar shi ya kawo wutar lantarki duniya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce muna shiri da shi ba. Katanga ɗaya ce ta raba shagona na walda da nasa, ita ce kuma ta miƙe ta raba gidajenmu ta baya. Shekara goma sha ɗaya yana cewa injina ne ke sa rediyoyinsa tari, ni kuma ina cewa da tarinsu aka ƙera su. Mutum ne mai baki kamar reza. Ranar da likita ya ce ciwon sukari da hawan jini sun haɗu a jikina, shi ya leƙo ta kan katanga, ya ƙare wa tumbina kallo ya ce, "Gobe biyar da rabi ka fito. In kuma ka fi son mutuwa, ni dai zan huta da ƙarar injin nan." Don haushi na fito. Wata shida yana gudu a bayana yana zagina, har na zubar da kilo ashirin da biyu. Ban taɓa ce masa na gode ba, shi ma bai taɓa bari na manta ba.

Asabar ɗin nan layi ya zo kaina, ni ne na baya. Shi kuwa shekara sittin da takwas, gwiwa ta fara ƙi, amma ka ce ya zauna a gida ka ji abin da ba ka nema ba. Tun a kilomita na goma sauran suka ɓace mana. Rana ta fara zafi, ga wani da zai zo ɗaukar ƙofar gareji a shagona ƙarfe goma, ga tsoho duk taku ɗari sai ya tsaya ya dafa gwiwa.

"Baba, ko mu yanke ta ƙasa mu nemi abin hawa?"

"Kai ka nema. Hucinka a ƙeyata ya ishe ni, kamar an ɗaure min bijimi a baya."

"Doka ce ta hana ni wucewa, ba sha'awar ƙeyarka ba."

"Dokar wa? Ni na yi ta. Lokacin da na fara bin hanyar nan kai ko sunkuyawa ka ɗaure igiyar takalmi ba ka iyawa. Wuce ka ba ni iska."

Na wuce. Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma da na iso ƙyalle na gaba sai na tsaya na dube shi, na ce a raina tun da tsoho ya fi kowa sanin hanya, to ya bi ta da saninsa. Na kwance shi. Na kwance na gabansa, da na gabansa, har goma sha ɗaya. Alhali a safiyar Ciyaman ya sanar cewa ya canza ƙarshen hanyar, don ruwa ya cinye tsohuwar ta zama rami. A gabana ya faɗa, lokacin Mai Rediyo bai iso ba. Ko dai abin bai faɗo min ba, ko kuma ya faɗo na ture shi. Har yau na kasa rabe wanne ne.

A ƙasa na miƙa jaka, Ciyaman ya ƙirga arba'in. Wata mai sayar da magani da ke cikinmu ta ce, "Ina Baba?" Na ce, "Kun dai san halinsa, ba ya jiran kowa." Gaskiya ne yakan wuce gida da ƙafa ba sallama, don haka aka yi dariya aka watse. Na je na ba mai gareji ƙofarsa, na ci abinci, na ga shagon Mai Rediyo a rufe har rana ta karkata, na ce tsoho ya ji jiki. Masu fasa dutse ne suka ji nishinsa a cikin ramin, wajen ƙarfe huɗu.

Da Nas ta rufe mana ƙofa a fuska, Ciyaman ya tara mu a gindin motarsa.

"Bakinmu ya zama ɗaya," in ji shi. "Da kansa ya bar hanya, na baya bai gan shi ba. In aka ji ƙungiya ta bar mutum a dutse, ba mai sake ba mu izinin tseren shekara. Walda, ka ji ni ko?"

"Na ji."

Na tsane shi a lokacin, tun daga gilashinsa har agogon gudun da ke hannunsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganarsa ta yi min daɗi.

Washegari da rana matata ta cika filas da ruwan zafi ta ce in kai. Na tarar Nas ta tafi wajen likita, shi kaɗai ne a ɗakin sai fanka da ke juyawa da ƙyar. Ƙodarsa ta ƙi aiki, an ce ƙishirwar ranar ce ta yi mata illa. Ya ƙanƙance a cikin gadon, leɓensa duk ya tsattsage, amma idon nan nasa yana nan yadda na san shi.

"Daga bishiyar nan mai kogo ban sake ganin ƙyalle ko ɗaya ba," in ji shi. Muryarsa kamar rediyon da batir ya kusa ƙarewa. "Na ɗauka idona ne."

"Baba..."

"Kada ka ce min Baba. Iska ce ta kwashe, ko kai ne?"

"Ni ne."

"Duka?"

"Duka."

Ya lumshe ido, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce, "Jaki. Wata shida ina bin bayanka kana tafiya kamar buhun siminti, na taɓa wuce ka?"

"Ai kai ka ce in wuce."

"Kai sau nawa ka ce min in wuce? Har kuka ka yi a kan dutsen nan, ƙato da kai, ka ce in bar ka ka mutu."

Haka aka yi, kuma ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba. Na ajiye filas a kan durowa, murfin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado.

"Ka yafe min."

"Ba ni da ƙarfin wannan yau." Ya ja numfashi. "Yarinyar nan tana ta tambayata, na ce ban tuna ba. Kada ka ɗauka don kai na yi. Ni ba zan sauke maka kayan nan ba, da bakinka za ka gaya mata. Yanzu fita, warin ƙarfe kake yi."

Da hantsin ranar da ta biyo ya rasu. Ina cikin haɗa wata taga matata ta shigo shago ta kashe injin daga jikin bango, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muka yi aure. Na ɗaga gilashin fuska na dube ta, ba sai ta yi magana ba.

Bayan an binne shi 'yan ƙungiya suka shiga hidima. Aka buga riguna masu hotonsa, aka sa ranar gudun tunawa da shi, Ciyaman ya rubuta dogon yabo ya tura wa kowa a waya, har da cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali. Na karanta na yi tsaki. Ko a mutuwar ma ba su bar shi da halinsa ba. Ni kuwa kwana tara ina zuwa har ƙofar gidansa ina juyowa, kullum da dalilin da ya sa gobe ta fi dacewa.

Nas ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki a wani gari, ta zauna tana kwashe shagon, tana mayar wa mutane rediyoyinsu, gyararru da waɗanda ba a kai ga gyarawa ba. A rana ta goma da safe ta leƙo shagona.

"Kawu, don Allah ka zo ka yanke min kwaɗon akwatin kayan aikinsa, na nemi makullin na rasa."

Tun tana 'yar sakandare take ce min Kawu. Na ɗauki injin yanka na bi ta. Shagon yana warin dalma da ƙura, kujerarsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya tana nan a gaban tebur. Na durƙusa gaban akwatin ina neman inda zan jona wuta.

"Duk cikinsu kai kaɗai ka koma duba shi ba da jar riga ba," in ji ta. "Na ga filas ɗin. Na san ba kwa shiri, amma ka yi maƙwabtaka. Sauran kuwa Allah ya isa tsakanina da su."

Na ajiye injin a ƙasa.

"Ni ne a baya ranar."

Ba ta motsa ba. Na faɗa mata duka, tun daga cacar bakinmu har ƙyallaye goma sha ɗaya, har abin da na ce a ƙasa aka yi dariya. Ban ce ƙaddara ba, ban ce shi ya kore ni ba sai da ta tambaya, na ce e, amma ba wannan ne ya sa na kwance ƙyallayen ba. Ina jira ta mare ni, ko ta tara min layi. Sai kawai ta dubi ƙafata.

"Malam, je ka sa takalminka."

Da silifas ɗin roba ta hau dutsen, rana tsaka. Ba ta saba ba, ta faɗi sau biyu, na miƙa hannu ta yi kamar ba ta gani ba. A inda hanya ta rabu, kusa da bishiyar mai kogo, ta tsaya.

"Wacce ya bi?"

Na nuna ta hagu. Muka bi ta har inda ƙasa ta zabtare. Ta zame ta sauka cikin ramin da mazaunanta, na bi ta. Babu inuwa ko ta tafin hannu, duwatsun suna ƙona mutum ta cikin wando. Ta dubi sama, ta dubi bangon ramin inda yatsu suka kankare ƙasa, ta daɗe a nan.

"Awa nawa?"

"Bakwai."

Ta zauna a kan tsakuwa, ta miƙe ƙafafu. Na kwance gorar ruwa daga ƙuguna na miƙa mata.

"Shi yana da ruwa?"

"Nasa ya ƙare tun kafin in wuce."

Ta karɓi gorar, ta buɗe, ta tuntsurar da ita a ƙasa tsakaninmu. Na zauna daga gefe. Ƙasar ta shanye ruwan, wurin ya yi duhu, sannan ya fara bushewa daga baki-baki, mu biyu muna kallo.